Yadda ake ƙirga masu cutar kumburin hanji a cikin al'umma

Kafin ka buɗe fayil ɗin asibiti ko ɗaya, zauna ka rubuta abu biyu a takarda: wane ne za ka kira mai cutar, kuma a cikin waɗanne mutane kake ƙirga shi. Yawancin binciken da ke lalacewa a nan yake lalacewa, tun kafin a zo kan lissafi.

Cutar kumburin hanji, wadda likitoci ke kira IBD, kala biyu ce manya. Akwai cutar Crohn, wadda aka fara bayyana ta sosai a 1932 a birnin New York, tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, sai kuma kolaitis mai gyambo wadda ke tsayawa a babban hanji tana farawa daga ƙasa. A tsarin lambobin cututtuka na ICD-10 ta farko ita ce K50, ta biyun K51. To amma fa lamba a kwamfuta ba hujja ba ce, likita zai iya rubuta K51 yana zato ne kawai, daga baya gwaji ya nuna atini ne, lambar kuma ta zauna a fayil har abada. Shi ya sa masu aiki da rijistar marasa lafiya ba sa yarda da lamba ɗaya, sai sun ga ta maimaitu a zuwa daban-daban ko an haɗa ta da maganin da aka rubuta. Kai ma ɗebo fayil kamar ɗari ko ɗari biyu ba tare da zaɓe ba, ka ba likitan hanji ya duba sakamakon kolonoskofi, wato leƙa cikin babban hanji da na'ura mai kyamara, da na naman da aka tsinko, ka ga kashi nawa ne na gaske. In wurin da kake aiki akwai tarin fuka da yawa sai ka ƙara kula, don tibin hanji, wato ƙwayar tarin fuka in ta kama hanji, da Crohn suna kama da juna har su ruɗa ƙwararru.

Yanzu mutanen. Dole ka sami yanki mai iyaka wanda ka san adadin mazaunansa daga ƙidaya, da shekarunsu da jinsinsu. Babban asibitin koyarwa yana karɓar marasa lafiya daga nesa, in ka zuba su duka a lissafi ka raba da mutanen gari ɗaya, adadin zai kumbura, don haka duba adireshi ka cire baƙi. Wannan ne ya sa ake yawan ambaton gundumar Olmsted a Amurka da kuma Denmak, wadda rijistar marasa lafiyarta ta ƙasa ke aiki tun 1977, kowa da lambarsa, mutum ba ya ɓacewa don ya canza asibiti.

Kar ka cakuɗa sabbin kamu da jimillar masu ɗauke da cutar. Sabbin kamu ana faɗar su ne a kan kowane mutum 100,000 a shekara. Misali kawai, a ce yankinka mutum 500,000 ne, ka bi su shekara 4, ka samu sabbi 120, to ka raba 120 da miliyan 2, wato 500,000 sau 4, ya zama 6 ke nan a cikin 100,000 a shekara. Tarkon shi ne shekarar farko ta rijista, tsofaffin marasa lafiya duk za su bayyana kamar yau suka kamu, sai ka ware 'yan shekarun farko ka ƙi ƙirga kowa a matsayin sabo sai wanda bai taɓa bayyana ba a baya. Ita kuwa jimilla tana hawa ko da sabbin kamu sun tsaya cak, saboda cutar ta fi kama matasa, ba ta warkewa gaba ɗaya, kuma ba ta cika kisa da wuri ba, mutane suna taruwa ne kawai. A ƙasashen Yamma da dama ta wuce kashi 0.3 cikin ɗari. In za ka kwatanta da wata ƙasa sai ka daidaita shekaru tukuna, in ba haka ba kana gwada gari mai yara da gari mai tsofaffi.

Nauyin cutar shi ne ɓangaren da ake yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ni a ganina ya fi adadin muhimmanci. Ƙirga kwanakin kwanciya a asibiti, tiyatar yanke hanji, masu shan sitiroyid, maganin rage kumburi, fiye da ƙima, masu karɓar allurai masu tsada irin infliximab, da waɗanda kansar hanji ta biyo baya. Ma'aunin DALY yana haɗa shekarun da mutuwar wuri ta cinye da shekarun da aka yi cikin jinya, yana da amfani wajen kwatance, sai dai ba zai gaya maka cewa wata ta bar makaranta don tana shiga bayan gida sau goma a rana ba. Wannan sai ka tambayi marasa lafiyar da kansu, da takardar tambayoyi, bayan ka samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike kuma ka goge sunaye.

Abu na ƙarshe da nake so ka saka a tebur ɗinka, kusa da adadin kowace shekara, shi ne yawan kolonoskofin da aka yi a shekarar da yawan likitocin hanji da ke yankin. Sau da yawa za ka ga layin sabbin kamu ya yi tsalle daidai shekarar da aka kawo na'ura ko aka fara gwajin kalprotektin na bayan gida, wanda ke nuna alamar kumburin hanji, to a nan sai ka raba marasa lafiyar gwargwadon tsananin ciwon a ranar da aka gano su, in masu sauƙin ciwo ne suka ƙaru alhali masu tsanani suna nan yadda suke, ganowa ce ta ƙaru.