Dashe dogo siriri: kurakuran renon tumatir da attarugu a gida

Da ƙarshen damina, daga Kura da Bunkure har Auyo da Haɗeja, mai shirin noman rani kan yi ɗan fangalin reno a bayan ɗaki ko kusa da rijiya. Sau da yawa dashen sai ya fito zalalai, siriri, ganyensa ya koɗe, iska na kaɗawa ya kwanta. Mai shi ya ce an sayar masa da mugun iri. Ba kasafai laifin iri ba ne.

Inuwa ce babbar matsala, kuma tausayi ke jawo ta. An yafa iri, an lulluɓe da busasshiyar ciyawa don kada ƙasa ta bushe, wannan daidai ne. Kuskuren shi ne barin ciyawar bayan tsiro ya ɓullo. Tumatir kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, attarugu da tattasai sukan kai mako biyu. Ka riƙa ɗaga ciyawar kowace safiya kana leƙawa. Ranar da ka ga 'yan kawuna sun lanƙwaso daga ƙasa, ranar za ka kwashe ta. Idan ka bari ya kwana biyu a duhu, zai miƙe neman haske, kuma karan da ya yi dogo siriri ba ya komawa gajere. Haka wanda ya kai fangalinsa gindin darbejiya ko jikin katanga. Dashe na son aƙalla awa 6 na rana. In zafi ya yi yawa, rumfar kara marar kauri da tsakar rana ta isa, a yaye ta da la'asar.

Sai cunkoso. Ana zuba iri da yawa wai ko wani ya mutu wani zai rayu, sai su taru suna yi wa juna inuwa. Ka ja layi da yatsa, tazarar kamar santimita 10, zurfin bai wuce santimita 1 ba. Da sun fitar da ganyen gaskiya, wato wanda ke biyo bayan ganyaye biyun farko, ka rage su, ka bar kamar faɗin yatsu biyu tsakani. Da wuya hannu ya yarda ya cire tsiro mai rai, amma dole ne. Mai reno kaɗan gara ya zuba ƙasa a ledar fiya wata, ya huda ƙasanta, ƙwaya biyu a kowace, daga baya ya bar mai ƙarfin.

Yuriya ba ta da wurin zama a fangalin reno. Ganye take hurawa, ta bar kara da laushi. Ruɓaɓɓen kashin awaki da ya daɗe a juji, a cuɗa shi da ƙasa da ɗan yashi, ya wadatar. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi.

Ruwa ma, in ka ga tsiro ya tsuke daga gindi ya faɗi alhali ganyensa kore ne, to danshi ya yi yawa, cutar ruɓewar gindi ce. Ban ruwa da safe, da butar yayyafi ko gwangwani mai ƙananan huji, sai saman ƙasa ya ɗan sha iska kafin a ƙara.

Akwai dabarar da ba kowa ya sani ba: shafa kan tsiron a hankali da tafin hannu kullum na sa karansa ya yi kauri ya rage tsayi. Attarugu kuma, in ka tsinke tohon da ke can samansa bayan ya kama a gona, yakan yi rassa. Tsohon gidan sauro a saman fangali na tare kaji da ƙadangaru.

Kada dashe ya tsufa a fangali. Tumatir mako 3 zuwa 4, mai ganye huɗu ko biyar. Attarugu mako 6 zuwa 8. Saura mako guda a dasa, a rage masa ruwa, a cire rumfa gaba ɗaya. Ranar cira a jiƙa fangalin sosai don saiwa ta fito da ƙasarta, a dasa da yamma. Tumatirin da ya riga ya zarce a tsayi, a binne shi har kusa da ganyen farko, karansa zai fitar da sabuwar saiwa.