Kai iyali hutu gonakin inabi na Afirka ta Kudu: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town akwai garin Stellenbosch, wanda gwamnan 'yan Holan Simon van der Stel ya kafa a 1679. Kusa da shi akwai Paarl da Franschhoek, inda Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka sauka a 1688. Duniya ta san yankin da giya, shi ya sa iyalai da yawa da ba sa shanta suke tsallake shi gaba ɗaya, su ƙare hutunsu a manyan shagunan birni. Wannan ne kuskure na farko. Kafin komai, wurin ƙasar noma ce: inabin ci, zaitun, lemo, cuku, zuma, awaki da tumaki, ga duwatsu sun kewaye ko'ina. Yaron da ya tashi a bene zai ga inda abinci yake fitowa. Sai dai tafiyar tana buƙatar tambaya tun daga gida.

Mu fara da lokaci, don a nan ake yawan yin asarar kuɗi. Yanayinsu ya saɓa wa namu. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da yaranmu suke shiga dogon hutu, can sanyi ake yi da ruwan sama, kurangar inabi ta zubar da ganye, sai itace tsirara. Iyalin da suka je da fatan tsinkar 'ya'yan itace za su tarar da taɓo. Ba wai lokacin ba shi da daɗi ba ne: masauki ya fi araha, duwatsu sun yi kore, gidaje da yawa suna da murhun jin ɗumi. Amma a tafi da kayan sanyi, a kuma san abin da aka je nema. Girbin inabi yana kamawa ne daga ƙarshen Janairu zuwa wajen Afrilu. Tsinkar sitiroberi a gonakin da ke kewayen Stellenbosch kuwa daga wajen Oktoba ne zuwa farkon sabuwar shekara. Tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu makarantunsu suna hutu, 'yan ƙasar kansu suna cika gonakin, farashi ya tashi, wanda bai kama ɗaki watanni kafin nan ba zai sha wuya. Ni a ganina Fabrairu ko Maris sun fi dacewa ga wanda yaransa ƙanana ne, ko kuma Oktoba da Nuwamba ga mai gudun zafi.

Sai zaɓen masauki da hoto kaɗai. Ba kowace "gona" ba ce gona. Wasu otal ne masu tsada da aka gina a tsakiyar inabi don ma'aurata, har akwai waɗanda ba sa karɓar ƙananan yara. A rubuta musu kafin a biya ko sisi. Shin akwai dabbobin da yara za su iya gani ko ciyarwa? Akwai kicin a ɗakin? Idan an ɗauke wuta, akwai janareto ko sola? Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta ruwa: kusan kowace gona tana da tafkin ban-ruwa, da yawa babu shinge, ga kuma wurin ninƙaya. Mai ɗan shekara uku ya nemi gidan da ke nesa da ruwa ko wanda aka killace. Karnuka ma suna yawo a sake a gonaki da dama, gara a sani tun da wuri. Gida mai kicin ya fi ɗakin otal nesa ba kusa ba, don uwar gida za ta iya dafa abin da yara suka saba ranar da suka ƙi baƙon abinci.

Batun abinci shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Mutane sukan ɗauka idan ba su ga naman alade a faranti ba, shi ke nan. Ba haka ba ne. Boerewors, tsiran-alade irin nasu da ake gasawa a kowane taro, sau da yawa akan haɗa shi da naman alade ko kitsensa ko da sunan naman shanu ya fi fitowa. Romon da ake dafawa a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wanda suke kira potjiekos, masu girki da yawa suna zuba masa jan giya. Haka miyar da ake zubawa a kan nama a gidajen abincin gonaki, haka wasu kayan zaƙi, musamman wanda aka sa wa sunan giyar barandi. Tambayar "akwai alade?" ba ta isa ba. A tambaya ko an dafa da giya, a kuma tambayi inda naman ya fito. Ma'aikatan yankin sun saba da wannan tambaya, don Musulmi sun fi shekara 300 a Cape, wato yankin Cape Town da kewaye, ba wanda zai yi mamaki.

Mafita mai sauƙi ita ce a yi cefanen nama kafin a shiga karkara. A Cape Town mahauta na halal suna da yawa, kuma kayan manyan shaguna suna ɗauke da tambarin hukumomin tantancewa irin su MJC da SANHA. A sayi sabuwar ragar gasa nama, ba ta da tsada, maimakon amfani da wadda baƙin baya suka bari. Sauran kaya a saya a shagunan gona da ke bakin hanya: burodi mai zafi, ƙwai, cuku, man zaitun, busassun 'ya'yan itace, ruwan inabi zalla. Gidajen ɗanɗanon giya da yawa suna da ruwan inabin da ba shi da barasa, amma a duba kwalbar, don wanda aka rubuta an cire masa barasa yakan rage ɗan kaɗan a ciki.

Akwai kuma masu kaucewa abincin wurin gaba ɗaya saboda tsoro, su wuni a kan kaza da dankali. Sun yi babban rashi. Girkin Musulmin Cape, zuriyar waɗanda aka kawo daga Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka a zamanin bauta, yana cikin mafi daɗin abincin ƙasar. A nemi bobotie, niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai a sama, da bredie na tumatir da naman rago, da koesister, wani soyayyen fulawa mai kirfa da kwakwa da aka saba ci da safiyar Lahadi. Unguwar Bo-Kaap da ke Cape Town, inda Masallacin Auwal na 1794 yake, ita ce wurin farawa.

Cika jadawali ma kuskure ne. Gona ɗaya da safe ta ishi yara. A Babylonstoren akwai babban lambu da za a iya wuni ana zagayawa, a Fairview da ke Paarl akwai hasumiyar awaki da wurin ɗanɗanon cuku. Ƙaramin jirgin ƙasan yawon Franschhoek kuwa an tsara shi ne don masu bin gonaki suna ɗanɗana giya, ba lallai ya dace da ku ba. Gidajen abincin gonaki da dama rana kawai suke buɗewa, wasu suna rufewa ranar Litinin, don haka a tanadi abincin dare a gida.

Mota dole ce, kuma a hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama. Kada direba ya fara koyon wannan da daddare bayan doguwar tafiyar jirgi. A kwana a birni, a tashi da safe. Hanyoyin cikin duwatsu, kamar ta Helshoogte tsakanin Stellenbosch da Franschhoek, suna da kwana da yawa. Idan an haɗu da manyan birai a bakin hanya, a ɗaga gilashi, kada yara su miƙa musu abinci. Takardar rigakafin cutar shawara kuma wajibi ce ga mai zuwa daga Najeriya, a haɗa ta da fasfo tun ranar neman biza.

Da yawa suna wuce Macassar ba su san abin da ke wurin ba, alhali yana kan hanya tsakanin birni da gonakin. Can ne kabarin Shehu Yusuf na Makassar, malamin da 'yan Holan suka kora zuwa Cape a 1694, aka ajiye shi a gonar Zandvliet har ya rasu a 1699. Stellenbosch da Paarl duk suna da masallatan Juma'a, sai a tsara ranar yadda za a sauko gari.

Wajen biyan kuɗi kada a manta da ma'aikata. A waɗannan gonaki ne aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangaren ladansu da giya, al'adar da ta bar ciwo a gidaje da yawa har yau. Tukwicin kashi 10 cikin 100 shi ne aka saba bayarwa a gidan abinci, mai share ɗaki kuma a ba ta nata a hannu ranar tafiya.