Yadda ake gane tsohon tulun fure na gilashi da ƙiyasta shekarunsa

Yawancin mutane in tulun fure na gilashi ya shigo hannunsu, sunan wanda ya ƙera shi suke fara nema. Wannan kuwa shi ya kamata ya zo ƙarshe, domin babu abin da ya fi suna sauƙin ƙagowa a jikin gilashi. Shaidar da ke da wuyar sayewa tana jikin tulun kansa: yadda aka hura shi ko aka zuba shi, da irin gogar da ya sha. Masu cinikin kayan tarihi kan ce abu ya tsufa ne in ya kai shekara 100, saboda haka kowane mataki a nan nema yake ya matse maka lokacin.

Ka tanadi tawul mai kauri, tocila, gilashin ƙara girman abu, da ƙaramar fitilar UV irin ta duba takardun kuɗi.

Mataki na 1: Wanke shi a hankali. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan sun isa, ruwan zafi na iya tsaga shi. In akwai 'yar takarda manne a jiki, kada ruwa ya taɓa ta.

Mataki na 2: Kifa shi a kan tawul, ka duba gindinsa. Nan ne ya kamata ka daɗe. Mai hura gilashi, in ya gama jikin tulu, yakan manna sandar ƙarfe a gindin don ya samu damar gyara bakin, daga baya ya ɓalle ta. Wurin yakan bar tabo a tsakiya kamar cibiya. Shafa da yatsa, amma a hankali, don wani yana da kaifi. Tabo mai kaushi na nuna an ɓalle an bar shi haka. In kuwa ka ga ɗan rami mai zagaye, sumul yana sheƙi, an goge shi da dutsen niƙa, aikin masana'antar da ke ji da kayanta. Sai dai tabon yana cewa aikin hannu ne kawai, bai ce tsoho ba, tunda har gobe ana hura gilashi.

Abin da ke nuna tsufa shi ne zoben da tulun ke zama a kai. Haska tocila a karkace ka sa gilashin ƙara girma. Tulun da ya shekara da shekaru ana jan sa a kan teburi, zoben nan ya dushe da ƙananan karce masu tafiya ta ko'ina, wasu zurfi wasu sama-sama, kuma a wuraren da ke taɓa teburi kaɗai. In karcen duk sun miƙe gefe guda, tsayinsu ɗaya, ko sun shiga cikin ramin da ba ya taɓa komai, hannu ne ya yi su da takardar goge katako. Ni a wurina wannan gwajin ya fi sa hannu nauyi.

Mataki na 3: Nemi layin haɗi. Bi jikin tulun da yatsa daga ƙasa zuwa baki. Siririn layi mai tudu na nufin a mazubi aka yi shi. Matsa gilashi a mazubi da inji ya bunƙasa ne a Amurka a shekarun 1820, don haka tulun da aka yi ta wannan hanya bai riga lokacin ba. Zanen da aka sassaƙa da dutse gefensa na da kaifi, na mazubi kuwa a dakushe yake. Ƙananan ƙwayoyin iska a ciki ba hujja ba ce, masu kwaikwayo ma suna barin su da gangan.

Mataki na 4: Nauyi, amo da launi. Gilashi mai dalma, wanda George Ravenscroft ya yi wa rajista a Ingila a 1674, yana da nauyi, kuma in ka ɗan ƙyasta shi da farce amonsa kan ja. Sai ka kashe wuta ka kunna fitilar UV. Kore mai haske sosai alama ce ta sinadarin yuraniyam, wanda aka fara zubawa a gilashi a yankin Bohemiya, cikin ƙasar Czech ta yau, a shekarun 1830, amma ana yin irinsa har yanzu. Gilashi garau da ya ɗan juya zuwa shunayya mai haske yakan ƙunshi manganis, wanda aka yi ta amfani da shi har wajejen yaƙin duniya na ɗaya, rana ce ke juya launin a hankali. Shunayya mai duhu ƙwarai abin tuhuma ce, domin akwai masu ƙona gilashi da na'ura don ya yi kama da tsoho.

Mataki na 5: Salon ado. Furanni, ganyaye da ƙwari masu lanƙwasa yayin 1890 zuwa 1910 ne. Layuka miƙaƙƙu da kusurwoyi sun yi tashe a shekarun 1920 da 1930. Salo na nuna lokacin da aka fara abu, ba ya nuna ranar da aka daina kwaikwayonsa.

Mataki na 6: Yanzu ka karanta tambari. Sunan ƙasa ya fi sunan mutum amfani. Dokar harajin McKinley ta 1890 ta sa kayan da ake shigarwa Amurka su ɗauki sunan ƙasarsu daga 1891. Tulun da ke ɗauke da sunan Czechoslovakia bai riga 1918 ba, mai sunan Jamus ta Yamma kuwa tsakanin 1949 da 1990 yake. A Birtaniya an yi amfani da alamar rajista mai kusurwa huɗu daga 1842 zuwa 1883, daga 1884 aka koma "Rd" (gajeriyar kalmar "an yi rajista" a Turance) da lamba, kuma lambar na kai ka ga shekarar da aka yi wa zanen rajista.

Sa hannun manyan maƙera shi ne inda aka fi yaudarar mutane. René Lalique na Faransa ya rasu a 1945, kayan zamaninsa kan ɗauki "R. Lalique", na bayan rasuwarsa kuwa an cire harafin R, shi ya sa maha'inta ke ƙara shi. Émile Gallé na birnin Nancy a Faransa ya rasu a 1904, masana'antarsa ta ci gaba, aka riƙa sa tauraro kusa da sunan na wasu shekaru. In ka ga kalmar "Tip" kusa da sunan Gallé, kwaikwayo ne na baya-bayan nan. Haka ake karta "L.C.T.", haruffan sunan maƙerin Amurka Louis Comfort Tiffany, a kan tulunan wasu masana'antu. Duba rubutun da gilashin ƙara girma: in ya hau kan tsofaffin karce ya yanke su, ko cikinsa fari ne tas, daga baya aka yi shi. Rashin sa hannu kuma ba aibi ba ne, yawancin kayan masana'antar Loetz ta Bohemiya ba su da shi.

Mataki na 7: Haɗa shaidun. Rubuta shekarar da kowace alama ta ba ka. Wadda ta fi kusa da yau ita ce mai hukunci: tulu mai salon 1900 da tambarin Czechoslovakia na bayan 1918 ne, komai kyansa. In shaidun sun yi hannun riga, ɗauki hoton gindi, baki, tambari da tulun gaba ɗaya, ka auna tsayinsa, ka kai wa gidan gwanjo ko sashen gilashi na gidan tarihi. Kafin su gani, kada ka bari a goge gindin ko a niƙe wani ɗan ɓalli a baki, domin gogewar za ta tafi da shaidun da za su duba.