Yadda ake haɗa ƙaramin sukuta mai caji da tarkacen gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ko zuwa bakin titi sayo burodi ne sai mutum ya yi lissafi kafin ya tayar da babur. A wannan lokacin ne na tono wani mataccen hobabod a sito, allon nan mai taya biyu da yara ke hawa a tsaye, na haɗa shi da gaban wani tsohon keken yara, abin ya zama sukuta da nake zuwa masallaci da shago a kai. Ba aikin rana ɗaya ba ne, ba kuma aikin da ya fi ƙarfin wanda ya iya riƙe filaya da mitar gwada wuta ba.

Fara da taya, domin ita ce injin. A hobabod, injin yana cikin tayar kanta, babu sarƙa, babu bel. Yawancinsu masu faɗin inci 6.5 ne, suna aiki da bolt 36, ƙarfinsu tsakanin wat 250 zuwa 350. Abin da ke mutuwa a hobabod galibi batir ne ko allon cikinsa, tayoyin kuwa lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ake samunsu da araha wurin 'yan gwangwan. Kafin ka biya, yi wannan gwajin. Za ka ga wayoyi uku masu kauri, rawaya, kore da shuɗiya, da wasu sirara guda biyar. Juya tayar da hannu, za ta tafi sumul. Sai ka haɗa bakin biyu daga cikin masu kaurin ka sake juyawa. Idan ta yi tauri tana cijewa, naɗin wayar cikinta na nan da rai. Gwada kowane biyu-biyu har sau uku. Wadda ba ta cije ba, bar musu kayansu.

Idan za ka kwance hobabod ɗin, kada ka yar da ƙarfen alminiyon da ya danne gatarin tayar da kusoshi huɗu. Gatarin wannan taya ta gefe ɗaya kawai ya fito, ba kamar na keke da ke fitowa hagu da dama ba, kuma an shafe gefensa guda don kada ya juya a mazauninsa. Wannan madannin shi ne mafi sauƙin hanyar kafa tayar. Yanko shi da zarto tare da ɗan ɓangaren jikin da yake zaune a kai.

Sai gangar jiki. Nemo keken yara mai taya inci 12 ko 16, ka sa mai walda ya yanke gabansa: kan keken, wuyan da yake juyawa a ciki, ƙafar da ke riƙe da tayar gaba, da birkinta. Kan zai yi maka gajarta, don haka a ƙara masa bututun ƙarfe har ya kai kusan ƙugunka idan kana tsaye. Daga wuyan a sauko da bututu a karkace zuwa firam mai kusurwa huɗu, tsawon kamar santimita 55, faɗin 18, wanda ƙarfen tsohon gado ko na kujerar makaranta ya isa a yi shi. Inda bututun ya haɗu da firam ɗin, nan ne duk nauyinka ke taruwa idan ka taka birki, nan ne kuma yake karyewa. Ka tsaya kan mai walda ya sa ƙaramin ƙarfe mai kusurwa uku a wurin, ko da zai ce ba sai an sa ba. A baya kuma a walda farantin ƙarfe mai kauri wanda za a ɗaure madannin tayar a kai, a ɗan gusa shi gefe yadda tsakiyar tayar baya za ta yi daidai da ta gaba. Ja zare daga gaba zuwa baya ka duba. Idan suka saɓa, sukutan zai riƙa tafiyar kaguwa. A sama ka shimfiɗa katako, ka manna masa yankin tsohuwar taya ko takardar yashi saboda santsi.

Yanzu ga inda aikin yake, wato batir. Akwai hanya biyu, kuma ni na fi ba wanda bai taɓa yi ba shawarar ta farko. Ta farko ita ce batiran nan na UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, masu bolt 12 da amfiya-awa 7, guda uku a jere, bakin ƙarin (+) wannan zuwa bakin ragin (−) wancan, suna ba da bolt 36. Suna da nauyi, kowanne ya haura kilo biyu, ba sa kai ka nesa, amma ba sa kamawa da wuta cikin sauƙi. Cajarsu daban ce da ta lithiyom, kada a haɗa.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyin lithiyom da ke cikin batirin tsohuwar laftof, waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowace ƙwaya tana kai bolt 4.2 idan ta cika, aikinta na yau da kullum kusan 3.6. Goma a jere suna ba da bolt 36, a cike 42. Sai dai ƙwayar laftof ba a yi ta don jan nauyi ba, kuma injin nan idan ya taso daga tsaye ko ya hau tudu yana iya jan amfiya 15. Saboda haka a madadin kowace ƙwaya ɗaya a jerin, a sa rukuni mai ƙwaya huɗu ko biyar gefe da gefe, su raba nauyin. Rukuni goma masu ƙwaya huɗu, ƙwaya 40 ke nan. Kafin ka samu 40 masu kyau, ka shirya fasa batiran da za su ba ka kusan ninkin haka.

Tantancewar ce ke cin lokaci. Auna kowace da mita. Wadda ta yi ƙasa da bolt 2.5, ko ta lotse, ko ta yi tsatsa a kai, ware ta. Sauran ka yi musu caji ɗaya-ɗaya kana taɓawa, duk wadda ta ɗauki zafi ta bi 'yan uwanta. Waɗanda suka cika, rubuta adadin bolt ɗin a jikinsu da alƙalamin maka, ajiye su mako biyu, ka sake aunawa. Wadda ta zube da kanta ba ta da amfani, kuma guda ɗaya irinta tana iya tsotse rukuninta gaba ɗaya. Na yi gaggawa a karon farko na tsallake jiran nan, bayan wata guda sukutan ya riƙa mutuwa da rabin caji, sai da na warware batirin kaf kafin na gano muguwar. Idan kana da cajar da ke auna yawan abin da ƙwaya ke ɗauka, rarraba su yadda jimillar kowane rukuni za ta yi kusan daidai da ta sauran. Kafin ka haɗa ƙwayoyin rukuni guda, tabbatar wutarsu ta zo ɗaya.

Wajen haɗawa, an fi so a yi da siririn ƙarfen nikel da injin ɗigon walda, wanda masu haɗa batiran sola suke da shi, kuma kai musu ya fi. Idan dole sai da dalma, yi amfani da ƙarfe mai zafi sosai, taɓawar daƙiƙa biyu ko uku ka ɗaga, domin zafin da ya daɗe yana lalata cikin ƙwayar. Cire zobe da agogo. Sifana ɗaya da ta faɗa kan batirin ta isa ta yi ja wur.

Allon kariya da ake kira BMS ba na ado ba ne. Shi ke yanke wuta idan wani rukuni ya cika fiye da kima ko ya zube. Sayi na rukuni goma mai ɗaukar amfiya 20. Yana da sirarun wayoyi 11, ɗaya a kowace mahaɗa. Kafin ka cusa filoginsu, auna daga baƙar waya zuwa kowace ta gaba: adadin ya riƙa hawa da kusan bolt huɗu-huɗu. Idan ya yi tsalle, ka saɓa jeri, kuma cusawa a haka ƙona allon ne nan take. Sa fis na amfiya 20 kusa da bakin ƙarin batirin, naɗe duka, ka zaunar da shi cikin akwatin roba da soso a ƙarƙashin katako, inda dutse ba zai buge shi ba. Ƙwaya 40 masu amfiya-awa biyu-biyu suna ba da wajen wat-awa 288, wanda a kan kwalta mai laushi zai iya kai mutum matsakaici kilomita goma sha wani abu.

Abin da ba za ka samu a bola ba shi ne kwanturola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, da totur. Sayi kwanturolar keke mai caji ta bolt 36, wat 350. Wayoyi uku masu kauri zuwa na injin, filogin sirara biyar zuwa nasa, totur mai waya uku, ja, baƙa da ta sigina, zuwa mazauninsa, sannan siririyar wayar kunnawa ta bi ta makunni zuwa ƙarin batir. Launi ba kullum yake dacewa ba, shi ya sa ya kamata ka nemi mai wayoyin koyo, wasu biyu da ake haɗa bakinsu. Ɗaga tayar sama, haɗa su, kunna. Tayar za ta juya a hankali da kanta. Idan baya ta yi, raba su ka sake haɗawa har ta yi gaba, sannan ka raba su ka naɗe. Injin da ke gurnani yana kakkarwa alamar jerin wayoyi bai daidaita ba ne, kashe kafin kwanturola ta yi zafi.

Birkin gaba kaɗai a abin da ake hawa a tsaye yana iya wuntsila ka ta kan sitiyari. Sa ƙarfe mai lanƙwasa a kan tayar baya da ɗan sifirin, wanda za ka danna da diddige ya goge tayar. Kwanturola tana da wayar yanke wuta idan an kama birki, haɗa ta.

Gwajin farko a fili, da hular kwano, ka fara tura shi da ƙafa kafin ka murɗa totur, hakan na rage wa batir wahala. Bayan minti biyar tsaya ka taɓa injin, kwanturola da wayoyi, ka sake ɗaure kowane noti. Tayar baya ƙarama ce kuma ba ta da iska, rami da rairayi ba nata ba ne, a lungu mai yashi sauka za ka yi ka tura.

Batirin lithiyom ɗin, yi masa caji da cajar bolt 42 mai amfiya 2, kusan awa huɗu zuwa biyar. A yi shi kan siminti, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa. Lithiyom ba ya son caji idan zafinsa ya haura digiri 45, kuma a watan Afrilu sukutan da ya wuni a rana ya wuce haka, sai ya huce a inuwa tukuna. Idan an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare, kada ka jona shi ka koma barci. Jira ta safe, ko ka kai shagon masu caji ka zauna kusa da shi.