Yadda Ake Shirin Sauka a Tsibirin Jojiya ta Kudu

Tsibirin yana kudancin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,400 daga tsibiran Falkland, ƙarƙashin ikon Birtaniya. Ba a zuwa sai ta jirgin ruwa.

Kafin ka sauka, don kada ka shigar da baƙin tsirrai ko cututtuka tsibirin, zazzage aljihu da jaka, ka tsince irin ciyawar da ke maƙalewa a maɗaurin Velcro (mai mannewa, na tufafi da jaka), don nan aka fi sakaci. Goge tafin takalmi da buroshi tukuna, sannan ka tsoma a maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin ba ya ratsa laka. A duba kaya sosai saboda ɓeraye: sun daɗe suna cinye ƙwan tsuntsaye, sai a 2018 aka tabbatar an kawar da su.

Bar tazarar mita 5 tsakaninka da dabbobi. Tsoffin masana'antun bakin teku kuwa, ban da na tashar jirgin ruwa ta Grytviken, a nisance su da mita 200 saboda ƙurar asbestos (wani kayan gini mai cutar da huhu) da gine-gine masu rushewa.