Shawara ga Mai Zuwa Aiki a Kan Keke

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake hawa keke zuwa wurin aiki a Kano, kuma ina roƙon duk mai niyyar farawa ya mayar da duba kekensa aikin dare. Bayan sallar isha'i sai ka matsa tayoyin da babban yatsa, ka ja birki ka ji ko yana kamawa, domin masu faci da yawa ba sa fitowa da sassafe, kuma na taɓa tura keke tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har ofis saboda wannan sakaci.

Sarƙar keke ce ta fi buƙatar kulawa, musamman da hunturu. Kada ka zuba mata mai a kan datti, don ƙura da mai idan suka haɗu sukan cinye haƙoran da sarƙar ke bi. Ka fara goge ta da tsumma, sannan ka ɗiga mai kaɗan. Rigar aiki kuwa, ka naɗe ta a jaka ka sauya idan ka isa. Ka kuma bar tazara tsakaninka da a-daidaita-sahu, wanda kan tsaya ba zato da zarar fasinja ya ɗaga hannu.