Darasi na 9: Zaɓen Ƙyalle Don Alkyabbar Jarumin Roba

Yaro ya kawo miki jaruminsa na roba yana kuka, wai alkyabbar da ke bayansa ta yage. Ba sai kin shiga motar Kasuwar Balogun, kasuwar yadi ta Legas, ba. Je wurin telan unguwa, a Agege kike ko Idi-Araba, ki ce: "Malam, a taimaka mini da ƙyallaye." Yawanci a ƙarƙashin keke suke zube.

Ki fara da awo. Yadi 1 inci 36 ne. Idan tsawon jarumin inci 6 ne, ƙyalle mai inci 5 a tsaye, inci 6 a kwance ya isa.

Ba kowane ƙyalle ne zai yi ba. Shadda tana da kyau a jikin mutum, amma a bayan ɗan abu kamar wannan sandarewa take yi kamar kwali. Sabuwar atamfa ma haka, ga manyan furanni, fure ɗaya sai ya cinye alkyabbar duka. Leshi kuwa a bar wa biki. Ki nemi mai laushi, mara kauri, mai launi ɗaya. Ki ɗora shi a kan yatsarki. In ya sauko ya kwanta, ya yi. In ya tsaya kamar kunnen zomo, mayar da shi. Ni dai ban ga kamar tsohuwar singileti ba, don ko an yanka ta bakinta ba ya warwarewa, babu ruwanki da kalmasa.

Sai maganar zuba. Ja da baƙi sun fi yin ta. Ki jiƙa gefen ƙyallen, ki goga a farin tsumma. In launi ya fito, kada ki sa, domin rini yana kama roba, sabulu kuma ba ya fitar da shi. Ga Legas da damshi, musamman da damina.

In ƙyallen mai santsi ne irin na roba, ki wuce da bakinsa kusa da wutar kyandir da sauri, zai narke ya liƙe. Auduga ba ta narkewa, ci take yi ta zama toka. Wannan aikin na manya ne, yaro ya tsaya nesa.

Aikin gida: ki auna jarumin ɗanki, ki rubuta tsawonsa da lamba a littafinki. Ki zo aji da ƙyalle 3, mu gwada su a yatsa.